Yadda na ƙetare Atlantika a jirgin filafili: takardu, shiri, da guguwar da ta same mu a tsakiya

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka cewa ƙarfin zuciya da iya iyo su ne jarin mai son ƙetare teku a ƙaramin jirgin filafili. Da na fara neman hanyar shiga harkar, na sha yawo tsakanin bayanai masu karo da juna. Wani ya ce sai kana da lasisin tuƙi, wani ya ce babu mai tambayarka ko takarda ɗaya, wani kuma ya cika maka kunne da labarin raƙuman ruwa masu haɗiye jirgi. Shi ya sa na ga ya dace in zayyana yadda abin ya kasance mini, domin mai niyyar shiga jirgin wani a matsayin ɗan aiki ya san abin da ke gabansa. Tafiyar daga tsibirin Bamuda ce zuwa garin Horta a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, kimanin mil 1,800, a jirgi mai tsawon mita 12, mu huɗu a ciki. Duk inda na ce mil, na teku nake nufi, wato mita 1,852, kuma da shi ake auna gudun jirgi da na iska.

Matakin farko koyo ne. Babu dokar da ta ce sai ɗan aiki a jirgin shaƙatawa ya riƙe wata shaida, amma kyaftin mai hankali ba zai ɗauki wanda bai san kan igiya ba zuwa inda babu tudu. Na yi kwas ɗin farko na RYA, ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, na kwana biyar, a ruwan Solent da ke kudancin ƙasar, kuma a cikin jirgin ake kwana. A nan aka koya mana ɗaurin igiya iri-iri, yadda ake naɗa ta a winci, wato gangar ƙarfen da ake jan igiya da ita, ba tare da ta cinye maka yatsa ba, yadda ake ɗaga filafili da rage shi, da yadda ake juyowa a ɗauko mutum idan ya faɗa ruwa. Har famfon ban-ɗaki sai da aka koya mana, kuma daga baya na gane dalili, don idan ya toshe a tsakiyar teku babu wanda zai gyara sai ku. Kuɗin kwas ɗin da na kayan sawa masu hana ruwa shiga su ne suka fi cin aljihuna a wannan mataki. Shawarata ita ce kada ka sayi kayan sawan kafin kwas. Makarantu da yawa suna ba da aro, kuma sai ka jiƙe a cikinsu ne za ka san irin wanda ya dace da kai.

Kwas na biyu na yini ɗaya ne, na tsira a teku, kuma shi ya fi sauya mini tunani. Da safe karatu, da rana kuma aka kai mu wurin iyo, muka shiga ruwa da cikakkun kaya da rigar ceto. Aka jefa kwalekwalen ceto na roba, aka fizgi igiyarsa ya hura kansa, aka ce kowa ya hau. Ruwan nan a kwance yake, babu iska, babu sanyi, amma hawan ya gagari rabinmu sai da aka jawo su ta kafaɗa, domin rigar ceto tana tokare maka ƙirji, jiƙaƙƙun kaya kuma suna janka ƙasa. Da muka cunkushe a ciki aka zuge ƙofa, warin roba da zafin numfashin mutane suka sa cikina ya fara juyawa. Malamin ya kawo mana labarin tseren Fastnet na watan Agustan 1979, wanda jirage 303 suka shiga, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan, 'yan tsere 15 suka rasu. Jirage 24 aka gudu aka bari, amma biyar kawai suka nitse, sauran an tsince su daga baya suna yawo a kan ruwa, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma kwalekwalen roba ba su tsira ba. Ya ce mana, muddin jirginku yana kan ruwa, ku zauna a cikinsa. Bayan wannan na yi ɗan gajeren kwas na rediyon VHF, inda aka koya mana tasha ta 16 da ake kiran gaggawa a kanta, da bambancin kiran "Mayday" na wanda ransa ke cikin haɗari da "Pan-Pan" na matsalar da ba ta kai nan ba.

Neman jirgi ya fi duk waɗannan cin lokaci. Akwai shafukan intanet da masu jirage ke neman abokan tafiya, kuma na tura saƙonni da dama ba a ko amsa ba, har na fara tunanin ajiye maganar. Wanda ya amsa dattijo ne da ya kai jirginsa yankin Karibiyan, yana son mayar da shi Turai kafin lokacin manyan guguwa na Atlantika, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Shi ya sa a watan Mayu ake yin wannan hanya. Mun yi magana ta bidiyo, ya yi mini tambayoyi, ni ma na yi masa nawa ba tare da jin nauyi ba: yaushe aka sauya wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigon jirgi, yaushe aka duba kwalekwalen ceto, filafilinsa babba yana da matakin ragewa na uku ko a biyu ya tsaya, ana shan giya a kan hanya ko ba a sha. Bai ji haushi ba, ya ma ɗauki wayar ya zagaya da ni jirgin. Kyaftin ɗin da ya fusata da irin waɗannan tambayoyi, ka ba shi haƙuri ka nemi wani. Mun kuma rubuta yarjejeniyar kuɗi tun kafin in sayi tikiti: abinci, man dizal da kuɗin tasha raba-daidai ne tsakaninmu, gyaran jirgi da inshorarsa nasa ne, tikitin jirgin sama da biza nawa ne.

A wajen takardu ne na fi ruɗewa, domin fom ɗin biza bai san da mutumin da zai iso ƙasa ta ruwa ba. Azores cikin yankin Shengen take, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka mai fasfon da ke buƙatar biza sai ya nema tun yana gida. Fom yana neman tikitin shiga da otal, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Abin da ya fitar da ni shi ne wasiƙar kyaftin mai ɗauke da sunana da lambar fasfona, tana cewa ni ɗan aikin jirginsa ne kuma a cikinsa zan kwana, da kwafin rajistar jirgin, da kwafin fasfonsa, da tikitin fita daga Azores wanda ake iya sauya ranarsa. Ka nemi kwanaki masu yawa fiye da lissafinka, don iska ba ta san ranar da bizarka za ta ƙare ba. Ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, sai dai a nan akwai tarko. Yawancin inshorar tafiye-tafiye ba ta biya idan abu ya same ka nesa da gaɓa a jirgin filafili, don haka sai da na nemi wadda ta rubuta ƙetare teku ƙarara, kuma ta fi tsada. Bamuda ma da nata. Jiragen saman da ke zuwa can galibi daga Ingila, Amurka ko Kanada suke tashi, don haka ka tabbatar kana da izinin shiga da fita ƙasar da za ka ratsa. A filin jirgi ma'aikaciyar ta daɗe tana juya tikitina na zuwa kawai, sai da na miƙa mata wasiƙar nan ta kira na gaba da ita, sannan aka bar ni na wuce. Ka buga ta a takarda, kada ka dogara da waya.

Na sami jirgin a garin St George's na Bamuda, tare da sauran abokan tafiya: wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa ƙetarewa, da wani saurayi da ya girma cikin ƙananan jiragen tsere. Kafin komai muka je ofishin kwastam da shige da fice aka saka sunana a jerin ma'aikatan jirgi. Sai aiki. Aka ɗaga saurayin zuwa ƙolin jigo ya duba kowane ƙulli da fil. Muka shimfiɗa ɗamarar tsaro daga goshin jirgi zuwa bayansa ta kowane gefe, wadda mutum ke maƙala ƙugiyar igiyar jikinsa a kai. Muka gwada famfunan kwashe ruwa, na lantarki da na hannu. Kowane rami da bututu ke bi ta jikin jirgi, an ɗaure masa toshiyar katako a kusa. Kyaftin ya sa kowa ya nuna da hannunsa inda na'urar EPIRB take, wadda ke aika kiran ceto ta tauraron ɗan Adam a kan zangon rediyo na 406 MHz, da jakar gudu mai ruwa da magani da fasfunanmu. Ya faɗa mana gaskiya cewa bayan 'yan kwanaki za mu wuce inda helikwafta ke iya kaiwa, kuma a can taimako sai dai jirgin dakon kaya da za a karkato da shi, wanda zai iya ɗaukar yini ko fiye. Kaya a Bamuda da tsada suke, dalarsu daidai take da ta Amurka, kusan komai shigo da shi ake yi, ruwan sha ma na sama ne da suke tarawa daga rufin gidaje. Muka cika tankuna da jarkoki, muka zauna jiran yanayi. Jiran nan ya fi aikin gajiyarwa. Kullum da safe sai a taru a kan taswirar iska, a yi gardama, a ce gobe.

Ranar tashi muka koma ofishin aka ba mu takardar fita, muka kira rediyon tsibirin muka nemi izinin bi ta siririyar mashigar garin, suka ɗauki bayanan jirgi da na kayan ceton da ke ciki. Kafin magariba tudu ya ɓace. Jirin teku ya kama ni a daren farko duk da ƙwayar sinarizin da na sha, kuma ba wanda ya yi mini dariya. Ma'aikaciyar jinyar ta ce in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, in ci busasshen biskit, in kama sitiyari in kalli nesa, idan kuma na sauka ciki in kwanta nan take in rufe ido. A kwana na uku jiki ya saba. Gadi karɓa-karɓa muke yi, awa uku-uku, kuma dokokin kyaftin ba su da yawa: da dare kowa da rigar ceto kuma a maƙale, babu mai barin mazaunin tuƙi zuwa gaba sai da wani yana kallonsa, kuma duk wanda ya ji a ransa ya kamata a rage filafili, ya tashe shi ko ƙarfe nawa ne. Wata rana da iska ke matsakaiciya ya sa muka gwada tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa. Ana juya jirgin ne a bar filafilin gaba a ɗaure ta gefen da iska ke bugowa, a kulle sitiyari ta yadda filafilan biyu da allon tuƙi na ƙarƙashin ruwa za su riƙa soke ƙarfin juna. Nan take jirgin da ke ta tsalle ya lafa, yana gangarawa gefe a hankali, har muka ci abinci a faranti. Haka ya sa muka ɗaga ƙaramin filafilin guguwa mai ruwan lemo muka sauke, da rana tsaka, don kada karon farko ya zama cikin duhu.

Hanyar nan tana da zaɓi biyu. Idan ka miƙe kai tsaye, za ka iya faɗawa cikin yankin Azores inda iska ke kwantawa babu ko motsi, ka ƙone manka. Idan ka haura arewa wajen digiri 38 zuwa 40 a layukan taswira, za ka sami iskar yamma mai tura ka, amma ka matso hanyar guguwar da ke tasowa daga gaɓar Amurka tana nufar arewa maso gabas. Mun ɗauki tsaka-tsaki. Kullum muna sauke ƙaramin fayil na hasashen iska ta wayar tauraron ɗan Adam, kuma bayan kamar mako guda ya nuna wata guguwa da za ta wuce ta arewacinmu. Kyaftin ya ce hasashen yana nuna matsakaicin gudu ne, bugun da ke zuwa a tsakani yana iya fin haka da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, don haka idan ka ga mil 35 a awa ka shirya wa 45. Muka karkata kudu maso gabas don mu ƙara nisa da tsakiyarta. Alamomin suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: siraran gizagizai can sama, zobe kewaye da rana, dogayen raƙuman ruwa masu zuwa daga wata fuska dabam da ta iska, sai baromita, na'urar auna nauyin iska, da ta fara sauka ba tsayawa. Ba adadin da take nunawa ne abin dubawa ba, saurin saukar ne, shi ya sa muke rubuta ta kowace awa. Saurayin ya nuna mini dokar Buys Ballot: a arewacin duniya, ka ba iska baya, tsakiyar guguwa tana hagunka.

Mun sami kusan yini guda na shiri, kuma a ganina a wannan yinin aka ci guguwar, tun ba ta iso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muka dafa babbar tukunyar abinci muka ɗaure murfinta, muka cika filas da ruwan zafi, muka zuba abin taunawa a aljihunan da hannu ke kaiwa. Duk abin da zai iya tashi sama idan jirgi ya kwanta, daga gwangwani har allunan daɓen ciki da baturan inji, an kulle shi ko an ɗaure. Muka cire rumfar mazaunin tuƙi da duk wani ƙyallen da iska za ta kama, muka toshe hanyoyin shan iska, muka rufe bawul ɗin bututun da ba a buƙata. Muka kunna inji muka cika batura. Aka rage babban filafili zuwa mataki na uku, aka naɗe na gaba, aka ɗaga na guguwa, alhali iskar ba ta wuce mil 20 ba, jirgin har yana jan ƙafa. Saurayin ya so a bari sai an jima. Kyaftin ya ce masa, "Ɗana, yanzu aikin minti goma ne da hannu biyu. Da dare na awa guda ne da hannu ɗaya." Dalilin a lissafi yake, domin ƙarfin da iska ke dannawa a kan filafili yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Daga nan ya kori biyu daga cikinmu su je su yi barci, ko ba sa ji.

Da yamma iskar kudu maso yamma ta kai mataki na 7 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, kafin tsakar dare ta shiga na 8, wato mil 34 zuwa 40 a awa. Muna gudu tana bayanmu ta ɓangaren dama. Abin da ban taɓa ji an faɗa ba shi ne ƙarar. Wayoyin jigo suna kuka da murya mai hawa da sauka, har kana iya gane bugun da ke tafe daga sautin kafin ya iso. Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta fara makara, muka karɓa da hannu, rabin awa-rabin awa, don fiye da haka hankali yana dushewa. Aikin mai tuƙi shi ne ya ji lokacin da bayan jirgi ya fara ɗagawa, ya saita shi ya gangara a ɗan karkace, kada ya bari ya juya ya ba ruwa gefe. Tsayin raƙumin ruwa ba shi ne matsala ba, jirgi yana hawa ya sauka lafiya. Wanda kansa ke karyewa ya zubo da farin kumfa shi ne abin tsoro, idan ya sami jirgi a gefe yana iya kwantar da shi ko ya kife shi. Muka sauke babban filafili gaba ɗaya, amma da ɗan ƙyallen gaba kaɗai jirgin yana zubowa daga kan raƙumi da gudun da ya fi ƙarfinsa, sitiyari yana rawa a hannu. Tsoro na ji shi sosai, bakina ya bushe, amma idan kana da aiki a hannu yana ja da baya. A ciki, kwance cikin duhu kana sauraro, ya fi kamawa.

Gab da asuba, da iska ta shiga mataki na 9 kuma ya ga tuƙinmu ya fara lalacewa don gajiya, kyaftin ya ce a saki birkin ruwa. Irin wanda Donald Jordan ya ƙirƙiro ne bayan abin da ya faru a Fastnet: doguwar igiya mai ɗauke da ƙananan mazurarai na ƙyalle fiye da ɗari, da sarƙa a ƙarshenta don ta nitse, an ɗaura ta da reshe biyu a kusurwoyin bayan jirgi. Tun jiya take a shirye cikin jakarta. Muka sauke filafilin guguwa, muka jefa sarƙar, igiyar ta bi ta da gudu, kowa ya janye ƙafarsa. Cikin minti guda jirgin ya koma tafiyar mil biyu a awa, bayansa yana fuskantar ruwa. Idan raƙumi ya ɗauke shi sai ya yi gaba kaɗan, igiyar ta miƙe ta dawo da shi a hankali, kamar akuyar da aka ɗaure a turke da doguwar igiya. Muka kulle sitiyari, muka sauka ciki dukanmu, muka saka allunan ƙofa. Wannan dabara tana yiwuwa ne don muna da ɗaruruwan mil na fili a gabanmu. Da akwai gaɓa kusa ta inda iska ke tura mu, da lissafin ya sauya gaba ɗaya, shi ya sa tsofaffin matuƙa suka fi tsoron tudu a kan ruwa idan guguwa ta taso.

Mafi munin lokacin ya zo ne bayan da muka ɗauka an gama. Wajen hantsi ruwan sama ya zubo da ƙarfi, baromita ta tsaya ta fara hawa, iska ta juya zuwa arewa maso yamma cikin ɗan lokaci. Tsofaffin raƙuma suna nan suna zuwa daga inda suka saba, sababbi kuma suna ratsa su, sai tekun ya rikice ba tsari. Ni ke gadi, ina leƙawa kowane minti goma sha biyar in duba ko akwai jirgi da kuma ko igiyar tana gogar wani abu. Na maƙala ƙugiyata tun ina kan matakala, na fito ke nan na ji wani ruri ta gefen hagu. Ruwan ya danne ni a jikin winci, mazaunin tuƙi ya cika har gwiwa, jirgin ya kwanta sosai sannan nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya miƙar da shi. Na zauna ina kallon ruwan yana tsiyayewa ta magudanai biyu, ina jin sanyi yana gangara ta wuyan rigata. A ciki wata durowa ta ɓalle ta watsar da cokula, ma'aikaciyar jinyar ta bugu a haƙarƙari. Kyaftin ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, ya ce in duba igiyar tunda na riga na jiƙe. Na duba, na tarar reshe ɗaya ya fara cin jikinsa a inda yake gogar ƙarfe, muka naɗa masa tsumma da guntun tiyo.

Iska ta faɗi kafin dare, ruwan kuwa bai kwanta ba sai washegari. Jawo birkin nan ya ci mana awanni, domin ba a iya jansa sai lokacin da jirgi ya sauka cikin kwari igiyar ta saki, a ja mita ɗaya ko biyu, a riƙe a winci, a jira na gaba. Bayan haka muka bi jirgin daga goshi zuwa baya muna neman ɓarna: fil ɗaya ya kusa zarewa, ɗinkin filafili ya buɗe tsawon taƙi, fitilar gefe ta mutu. A nan ne mutane ke yin sakaci, don jiki ya saki kuma kowa yana son ya ga an ƙara gudu. Kyaftin bai bari an ɗaga cikakken filafili ba sai da kowa ya ci abinci mai zafi ya yi barci.

Dutsen Pico na Azores, mai tsayin mita 2,351, wanda ya fi kowane tsayi a ƙasar Fotugal, shi muka fara hangowa bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Mun iso kusa da tsibirin Faial, inda Horta take, da dare, kyaftin ya ƙi shiga, muka tsayar da jirgin yadda muka gwada tun farko muka jira gari ya waye. Muka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, alamar ba a tantance mu ba tukuna, muka kira tasha a rediyo, aka nuna mana inda za mu ɗaure a jikin wani jirgi, don a wannan lokaci na shekara Horta cike take. Kyaftin ya ɗauki fasfunanmu, rajistar jirgi, takardar inshora, jerin sunaye da takardar fita ta Bamuda, ya bi ofishin tasha, na shige da fice da na kwastam. Ni aka kira in zo da kaina saboda biza. Ƙasa tana ta lilo a ƙarƙashin ƙafata ina tsaye gaban jami'in, ya tambayi ranar fitata, na nuna masa tikiti, ya shigar da ni. Al'adar wurin ce kowane jirgi ya zana sunansa da fenti a bangon tashar kafin ya tashi, mu ma muka nemi ɗan gurbi muka yi namu.

Idan za ka bi wannan hanya, ka sa kuɗinka a kan kwas ɗin tsira da rigar ceto mai ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, kafin ka sa shi a kan na'urori. Ka zaɓi kyaftin kafin ka zaɓi jirgi, kuma wanda ke rage filafili da wuri ya fi mai ba da labarin jarumtaka. Ka roƙa a gwada kayan guguwa a ranar da babu guguwa, domin abin da ke naɗe cikin jaka wanda ba a taɓa buɗewa ba, ba za ka iya haɗa shi da fitilar goshi da hannu mai sanyi ba. Ka ware kaya busassu saiti ɗaya a leda wanda ba za ka taɓa ba sai ranar da komai ya jiƙe. Ka ci, ka yi barci duk lokacin da aka ba ka dama, don gajiya ce ta sa muka saki birki, ba tsayin ruwa ba. Sannan idan za ka rabu da jirgin a tashar da kuka isa, ka je tare da kyaftin a cire sunanka daga jerin ma'aikata a gaban jami'i, ka kuma tabbatar an rubuta shigowarka ƙasar. Wanda ya sauka daga jirgi ya wuce gari ba tare da wannan ba, a filin jirgin sama za a tambaye shi ta ina ya shigo, kuma a lokacin jirgin da zai ba da shaidarsa ya riga ya kama hanyar Turai.